Tsame Launin Rini daga Gurɓataccen Ruwa da Kayan Gida: Nazari a kan Tsohon Birnin Sakkwato

Gabatarwa

Rini tsohuwar sana'a ce a birnin Sakkwato, kuma sunan unguwar Marina, a cikin tsohon garin da Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, ya isa shaida. Manufar wannan takarda ita ce bayyana hanya mai araha ta tsame launi daga ruwan rini kafin ya kwarara zuwa fadamun Rima.

Asalin Matsalar

Marinan dauri da baba da toka suke aiki. Abin da ya kwanta a ƙasan karofi sukan kwashe shi su ƙona ya zama katsi, a mayar da shi cikin sabon rini ko a haɗa laso da shi, ba a barin sharar kirki. Al'amarin ya sauya bayan William Perkin ya ƙirƙiro launin sinadari a Ingila a 1856, kamfanin BASF na Jamus kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Galurar zamani ba ta ruɓewa da sauƙi. Takan tare hasken rana daga tsirran ruwa, wasu nau'o'inta kuma sukan rikiɗe su zama sinadarai masu haddasa ciwon daji.

Yadda Tsamewar Take Aukuwa

Idan aka zuba garin gawayi cikin ruwan rini, ƙwayoyin launin sukan maƙale a jikinsa, ruwan ya washe. Gawayin da aka inganta cike yake da ƙananan ramuka, har faɗin fuskokin giram ɗaya yakan wuce murabba'in mita 500. Na kanti yana da tsada, amma ana iya yin irinsa da ƙaiƙayin shinkafa, ko ɓawon gyaɗa, ko totuwar masara, waɗanda manoman Wurno da Goronyo ba su rasa ba.

Abubuwa huɗu ke ƙayyade nasara: laushin garin, da yawansa, da tsawon zamansa a ruwan, da yanayin ruwan. Na huɗun ya fi muhimmanci, domin wasu launuka sun fi kamuwa a ruwa mai tsami, wasu kuwa a mai kanwa, alhali ruwan marina na yau soda ce ta yi masa yawa. Saboda haka sai an gwada kowane launi daban.

Kammalawa

Tsamewa ba ta kashe launi, wurin zama kawai take sauya masa. In an watsar da gawayin a juji, ruwan damina zai mayar da launin kogi. Ya kamata masu bincike a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su nemo wa wannan gawayi makoma, kamar yadda magabata suka nemo wa katsi.