Ko Kun Sani? Wurin Da Ake Sosa Wa Duƙushi Ya Natsu

Doki dabba ne da ake farauta tun asali, shi ya sa tsoro ke sa shi gudu kafin ya tsaya bincike. Idanunsa na gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke daidai gaban goshinsa ko bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo wa duƙushi ta can ba zato, shi ya jawo harbi. Ta wajen kafaɗa ake zuwar masa, a hankali, ana yi masa magana.

A 1993, wasu masu bincike da suka lura da dawakin yankin Kamarg a kudancin Faransa sun gano cewa idan dawaki na yi wa juna susa da haƙora, sun fi zaɓar gindin wuya, kusa da inda geza ta ƙare. Da mutum ya sosa wannan wurin da yatsunsa, sai bugun zuciyar dokin ya ragu, har da na 'yan duƙusai. Za ka ga leɓensa ya saki, kansa ya sunkuya.

Abin takaici, idan doki ya razana, mutane da yawa bulala suke fara ɗauka. Zenofon, wani mahayi na ƙasar Girka, ya yi gargaɗi fiye da shekara 2,300 da suka wuce cewa dokin da aka doka saboda ya razana zai ɗauka abin da ya tsorata shi ne ya jawo masa zafin. Shawararsa: ka fara taɓa abin da hannunka yana kallo, sannan ka jawo shi kusa sannu a hankali.