Latancin da Ke Yawo a Kasuwar Ɗambatta

Dattijon da ya kai gero kasuwar Ɗambatta ko Bichi, idan ya ce bai ci ribar ko kwabo ba, ko ya kira naira biyu fam, Latanci yake yi bai sani ba. Fam daga Turanci ta zo, su kuma Turawa sun samo ta daga pondo, wato nauyi a Latanci, harshen Rumawa. Kwabo kuwa sunan jan ƙarfe ne, cuprum, wanda ya samo suna daga tsibirin Ƙubrus inda ake haƙo shi. Waɗanda suka yi lissafin fam da sule kafin zuwan naira a 1973 za su tuna harafin d da ake rubutawa bayan kwabbai. Denarius ke nan, kuɗin azurfar Rum. Ingila ta jingine wannan harafi a 1971, yau sai a tsofaffin littattafai, amma kalmar tana nan daram a bakinmu, domin tun kafin Bature ya iso Larabawa sun kawo mana ita a matsayin dinari. Ashe hanya biyu Latanci ya biyo zuwa gare mu, kuma ta Sahara ta girmi ta teku nesa ba kusa ba. Sabulu ma ta Saharar ya biyo.

Inda gardama take shi ne siraɗi. Masana harshe suna mayar da ita ga strata, shimfiɗaɗɗiyar hanyar Rumawa, uwar kalmar da Turawa ke kiran titi da ita. Wani zai ce ina kalmar Alƙur'ani ina Rumawa? Ƙorafin yana da tushe, don Imam Shafi'i bai yarda akwai baƙuwar kalma a cikin Littafin ba. Amma Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, kuma malaman zaurenmu ke karanta littattafansa har gobe, ya kawo a littafinsa Itƙan cewa siraɗi hanya ce da harshen Rum. Wani malamin, Abu Ubaid, ya sasanta tsakani tun tuni: asalin baƙo ne, Larabawa suka lanƙwasa shi da harshensu har ya zama nasu kafin saukar wahayi. Wannan hujja ta fi kwanta mini, kuma ita ce amsar masu cewa aro yana gurɓata Hausa. Kwabo ya karɓi jam'in Hausa ya zama kwabbai, fam ta zama famfamai, kuma babu Baturen da zai ji su ya gane nasa.