R.K. FILMS: Tambarin da ya fi kamfaninsa tsawon rai

DUK wanda ya saba kallon tsofaffin finafinan Indiya, a sinima ko a kaset, ya san wannan hoton da ke fitowa kafin a fara fim: wani mutum a tsaye, hannunsa ɗaya riƙe da goge irin na Turawa, ɗaya hannun kuma ya tallabo wata mace, a ƙasansu ga harufa biyu, R.K. Wannan shi ne tambarin kamfanin Raj Kapoor, wanda ya yi tashe a Indiya shekara da shekaru.

A 1948 Raj Kapoor ya kafa kamfanin, lokacin bai wuce shekara 24 ba. Fim ɗinsa na farko, 'Aag', bai yi wata kasuwar kirki ba. Na biyun, 'Barsaat' (1949), shi ya buɗe masa ƙofar arziki. Daga wata fitowa da ya yi da jaruma Nargis a cikinsa aka zana tambarin. Bayan wannan nasara ce ya gina situdiyo nasa na kansa a unguwar Chembur da ke Bombay, wato Mumbai ta yanzu.

To amma tambari ba ya sayar da fim sai in mutane sun san abin da ke bayansa. Masu kallo sun sani cewa in dai sun ga R.K., za su sha daɗin waƙoƙi, domin Shankar da Jaikishan ne ke kiɗa, Mukesh da Lata Mangeshkar na rerawa, ga kuma labarin talaka mai zuciyar kirki. Da haka 'Awaara' (1951) da 'Shree 420' (1955) suka karɓu har a Tarayyar Sobiyet.

Sai dai harkar fim ba ta da tabbas. 'Mera Naam Joker' (1970), wanda aka yi kusan shekara shida ana aikinsa, kuma tsawonsa ya haura awa huɗu, ya faɗi warwas a kasuwa, ya bar kamfanin cikin bashi. Raj bai karaya ba. Ya ɗauko ɗansa Rishi Kapoor da wata sabuwar fuska, Dimple Kapadia, ya yi 'Bobby' (1973), wanda ya dawo da jarin har da riba.

Matsalar ita ce komai na kamfanin a wuyan mutum ɗaya yake: shi ne furodusa, shi ne darakta, sau da yawa kuma shi ne jarumi. Da ya rasu a ranar 2 ga Yuni, 1988, sai abubuwa suka fara ja da baya. 'Ya'yansa uku kowa ya gwada sa'arsa: Randhir ya ƙarasa 'Henna' (1991), Rajiv ya yi 'Prem Granth' (1996), Rishi kuma ya yi 'Aa Ab Laut Chalen' (1999). Daga nan ba a sake jin ɗuriyar sabon fim mai tambarin R.K. ba, sai hayar situdiyon da ake bayarwa.

A watan Satumba na 2017 gobara ta tashi a situdiyon, ta cinye babban ɗakin ɗaukar fim da kayan sawa na tarihi da aka adana. A 2019 iyalin suka sayar da filin ga kamfanin Godrej Properties, aka gina gidaje a wajen.

Akwai abin lura a nan ga furodusoshinmu na Kano, Kaduna da Jos, inda galibin kamfanoni suke tafiya da ƙarfin mutum ɗaya. In har Raj Kapoor, mai situdiyo nasa da 'ya'ya uku a industiri, kamfaninsa bai iya wuce finafinai uku a bayansa ba, ya kamata mai kamfani ya fara tunanin wa zai riƙe masa shi, da kuma inda yake ajiye ainihin kwafin finafinansa, tun yana da ƙarfinsa.