Shin Fina-finan Marvel Sun Yi Yawa? Tambayi Memorin Wayarka

Ranar Asabar da yamma ƙanena ya kawo mini wayarsa, Infinix mai gigabait 64, wai ta ƙi yarda ya sabunta WhatsApp saboda babu wuri. Ina buɗewa na ga abin da ya cinye ta: wata folda ce shaƙe da fina-finan Marvel, wadda aka tura masa a wani shagon masu tura fim kusa da Tsamiyar Boka, nan Hotoro. Na ce mu goge. Ya riƙe mini hannu, ya ce, "Yaya don Allah kar ka taɓa, sai na kalle su a jere, in ba haka ba ba zan gane sabon ba." Na tambaye shi nawa ya kalla. Huɗu, a wata uku.

A Amurka an daɗe ana gardamar ko fina-finan jarumai masu baiwa, irin su Spider-Man da Batman, sun yi yawa. A 2019 ma babban darakta Martin Scorsese ya kwatanta su da filin wasan shaƙatawa, aka yi ta cece-kuce. Su can lissafinsu na tikitin silima ne. Mu nan yawancinmu a waya muke kallo, don haka namu lissafin na data ne, da wurin ajiya, da caji.

Ga yadda abin ya taru. Marvel ta fara wannan jerin da Iron Man a 2008, Disney ta saye ta a 2009 kan kusan dala biliyan 4. Daga nan zuwa 2019 an yi fim 23, kuma Avengers: Endgame shi kaɗai ya tara kusan dala biliyan 2.8. Fim 23 a shekara goma sha ɗaya abu ne da mutum zai iya bi. Sai Disney ta buɗe manhajarta ta kallo, Disney+, wadda ke buƙatar sabon abu kullum don kada masu biyan kuɗin wata su gudu. A 2021 kaɗai Marvel ta saki fim huɗu da shiri mai dogon zango biyar. Nan gizo ya fara saƙa.

Yawan kansa bai dame ni ba. Mu da muka bi Daɗin Kowa shekara da shekaru, muke dakon Labarina da Izzar So, ba za a ce dogon labari na gajiyar da mu ba. Fim ɗin Indiya na awa uku da fassarar Hausa kuwa, wani sau biyu yake kallonsa a mako. Amma in ka ɗauki RRR, ko fim ɗin da ka ga dama a cikin na Indiya, a minti goma na farko ka san yaro, ka san bos, ka san abin da ya haɗa su. Ba wanda zai ce sai ka je ka nemo wasu fina-finai shida tukuna.

A sana'ata ta rubuta manhaja mun san wannan ciwon sosai. Za ka so ka ɗora wani ɗan ƙaramin abu a aikinka, sai ya ce ba zai yi aiki ba sai ka saukar da wasu abubuwa biyar, kowanne a cikin biyar ɗin kuma yana da nasa biyar da ya dogara da su. Kafin ka ankara datarka ta ƙare, ba ka rubuta layi ko ɗaya ba. Haka Marvel ta koma. Doctor Strange na 2022 ba za ka gane dalilin da Wanda ta zama muguwa ba sai ka kalli WandaVision, kashi tara. The Marvels na 2023 jarumai uku ne, biyu daga cikinsu a shirye-shiryen Disney+ aka gina su: Monica Rambeau a WandaVision, Kamala Khan a Ms. Marvel. Fim ɗin ya tara kimanin dala miliyan 206, mafi ƙaranci a tarihin jerin. Ni a ganina bai kai lalacewar da ake faɗa ba, bashin da yake bin mai kallo ne ya yi yawa.

Kuma Disney+ ɗin da ake ta tura mu gare shi ba a buɗe shi a hukumance a Najeriya ba. Ko Iwájú, zanen da aka gina labarinsa a Legas, da ya fito a 2024, 'yan Legas ɗin ba su same shi a manhajar ba. Saboda haka shagon tura fim shi ne Disney+ ɗinmu, sai Telegram da Xender. Ba ina wanke wannan ba ne. Duk wanda ya taɓa kwana yana rubuta manhaja ya wayi gari an kwafe ta kyauta ya san zafin abin, kuma 'yan Kannywood sun fi kowa ɗanɗana shi. Ina dai faɗar yadda ake kallo a unguwarmu ne.

Akwai wani abu na fasaha da ba a cika magana a kai ba. Fim mai kyan gani, 720p, yakan kai gigabait ɗaya ko fiye. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, da yawa sun koma ɗan ƙaramin, mai megabait 300 zuwa 400. Yadda ake matse bidiyo shi ne, a cikin hotuna 24 da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ba kowanne ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye ɗaya, sannan a riƙa rubuta abin da ya canza kawai. In mutum biyu ne zaune a falo suna magana, bango bai motsa ba, kujera ba ta motsa ba, hoto zai fito tas ko da fayil ɗin ƙarami ne. Shi ya sa shirye-shiryen Hausa ba sa shan wahala a ƙaramar data.

To, dubi yadda kusan kowane fim ɗin jarumai yake ƙarewa: faɗa cikin dare, hayaƙi, tartsatsi, gine-gine na rushewa, komai na motsi lokaci guda. Wannan shi ne abin da matsewa ta fi tsana. Sai ka ga allon ya koma dabbare-dabbare, ba ka san wa ya naushi wa ba. Wato rabin awar da aka fi kashe wa miliyoyin daloli ita ce ba ta iso wa wayarka. Abin da ke isowa lafiya shi ne labari da magana, kuma nan ne da yawansu suka fi rauni. Su kansu masu haɗa waɗannan siddabarun a kwamfuta sun koka da yawan aiki da ƙurewar lokaci, har ma'aikatan Marvel na wannan sashe suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a Satumban 2023.

Kamfanin ya ji a jikinsa. A Mayun 2024 shugaban Disney, Bob Iger, ya ce za su rage zuwa fim biyu ko uku da shiri biyu a shekara. A shekarar fim ɗaya tal Marvel ta saki a jerin, Deadpool & Wolverine, ya kuma haura dala biliyan 1.3. Ashe mutane ba su gaji da jarumai ba.

Abin da na yi wa ƙanena shi ne na zaɓar masa waɗanda ke tsaye da ƙafarsu. Black Panther na 2018, wanda faɗansa na farko an ce a dajin Sambisa ake yi, ko ba ka taɓa kallon wani Marvel ba za ka bi shi. Sai The Dark Knight na 2008, da Logan na 2017 in ya ƙara girma, don akwai jini sosai, da zanen Spider-Man: Into the Spider-Verse. The Batman na 2022 ma yana da kyau, amma kusan awa uku ne kuma duhu ne daga farko har ƙarshe, kar ka ɓata kuɗinka a ƙaramin fayil. In za ka karɓi fim, nemi mai rubutun x265 ko HEVC a sunansa: ya fi ƙanƙanta a inganci iri ɗaya, VLC na buɗe shi, sai dai tsohuwar waya tana iya sarƙewa ko ta sha caji.

Mun goge sama da gigabait ashirin, WhatsApp ya sabuntu. Washegari ya dawo yana tambayata wane ne wancan mutumin mai hannu ɗaya da aka nuna bayan sunaye sun gama wucewa a Black Panther, kuma wane fim zai nema don ya san shi.