Lamba, jita-jita da doka

   Darasinmu na yau bisa lamba ne, wato allurar rigakafi. Tambayoyi biyu za mu duba tare. Ta farko: mi doka ke yi wa mai baza ƙarya bisa lamba? Ta biyu: in annoba ta zo, ya dace a tilasta wa mutane lamba?

Mine ne aikin lamba?

Jikin mutum yana da mayaƙa cikin jini. In ba su san cuta ba, sai ta shammace su. Lamba tana nuna masu kamannin cutar tun ba ta zo ba. Ran da ta zo, sai ta tarar da su a shirye. Shi ya sa yaro kan yi ɗan zafin jiki kwana ɗaya ko biyu bayan lamba, wurin allurar kuma ya ɗan kumbura. Illa babba takan faru, amma da wuya ƙwarai. In kun ga abin da bai kwanta maku ba, ku koma likita nan da nan.

Ku tambayi tsofaffin garinku labarin agana. Ta kashe mutane, ta makantar da wasu, ta bar wasu da zanzana a fuska. Lamba ce ta kore ta. A shekara ta 1980, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa agana ta ƙare a duniya duka.

Sanƙarau kuwa iri-iri ne. A 2010 anka fara wata sabuwar lamba a Nijar, ta irin da ake kira A. Bayanta wannan iri ya ja baya ƙwarai. A 2015 wani iri, mai suna C, ya shigo da ƙarfi. Dogondutsi da Gaya suna cikin wuraren da ya fara tsananta. Ya kama mutum fiye da 8,000 a ƙasa, ya kashe fiye da 500. A lokacin wasu sunka ce: ai an yi mamu lamba, ga ciwo ya dawo, ashe lambar banza ce. Ba haka ba ne. Lambar A ba ta tsare C. Kowace ƙofa da makullinta.

Abin da jita-jita ta yi a Kano

A 2003 magana ta bazu a arewacin Najeriya cewa maganin shan-inna da ake ɗiga wa yara a baki yana hana haihuwa. Jihar Kano ta tsai da aikin. Tsoron mutane yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan bisa yara a Kano. Cikin yara 200 na gwajin, 11 sunka rasu. Iyaye sunka kai ƙara, sunka ce ba a yi masu bayani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma tsai da ɗigon ya jawo hasara. Shan-inna ta ƙaru, ta ƙetare iyaka, ta kai ƙasashe wajen 20. Yara da yawa sunka gurgunce. To, yaya anka warware matsalar? Anka auna maganin, anka zauna da malamai da sarakuna, anka kawo na ƙasar Indonesiya, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne. A watan Yuli na 2004 Kano ta koma ɗigo. A Nijar, tun 2012 ba a sake ganin shan-inna ta asali ba. Ran 25 ga Agusta 2020 anka shaida ta ƙare a Afirka duka. Ana ci gaba da ɗigo don akwai wani iri da ke ɓulla inda yara da yawa ba su samu ba.

Ku lura da kyau: bayani ne ya maido da mutanen Kano, da bakin waɗanda sunka yarda da su.

Mi doka ta ce?

A 2019 Nijar ta kafa doka bisa laifukan da ake yi ta salula da intanet. Ta ce wanda ya baza labarin da ke iya ta da hankalin jama'a, ana iya kai shi kaso daga wata 6 zuwa shekara 3. A 2024 anka ƙara tsananta horon. Ku sani, wanda ya tura saƙo ta WhatsApp ya baza shi, ko da wani ne ya tsara shi.

Korona ta shigo Nijar ran 19 ga Maris 2020. Anka rufe lakkwal da masallatai, har rigima ta tashi a wasu garuruwa. Lambar korona ta fara ran 29 ga Maris 2021. Saƙonni sunka yi ta yawo: wai tana hana haihuwa, wai wanda ya yi ta zai mutu cikin shekara biyu. Shekaru sun wuce. Waɗanda sunka yi ta suna nan, ana suna a gidajensu. Gaskiyar lambar korona ita ce: ba ta hana kamuwa ɗungum, tana rage tsananin ciwo da mutuwa.

Doka wuƙa ce, tana son hannun da ya iya riƙo. A farkon Maris 2020 anka kama wani ɗan jarida a Yamai, don ya rubuta cewa ana zaton wani marar lafiya yana da korona. Awo ya nuna mutumin ba shi da ita. Alƙali ya yi wa ɗan jaridar ɗaurin talala na wata 3. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sunka ce bai kamata a kama shi ba. In mutane sunka ji tsoron magana, ran da cuta ta ɓulla a ƙauye kowa sai ya yi shiru, likita ya ji a makare.

Don haka mu rarrabe mutum uku. Na ɗaya, mai tambaya. Uwar da ta ce mi ke cikin allurar nan ba ta yi laifi ba, amsa take bukata. Na biyu, mai maimaita abin da ya ji cikin rashin sani. Shi gyara yake bukata. Na uku, wanda ya san ƙarya ce, ya ƙirƙira ta don kuɗi ko don suna. Wannan shi doka ya kamata ta nema. Irinsa ne masu saida lambar jabu. A 2015, da mutane sunka ruɗe suna neman lambar sanƙarau, an kama ta jabu tana yawo a Nijar.

Tilas ko lallashi?

Akwai lambar da take tilas tun da daɗewa. Saudiyya ba ta karɓar alhaji sai da shaidar lambar sanƙarau. Ƙasashe da yawa ba a shigarsu sai da takardar lambar shawara, mai launin ɗorawa. A hajjin 2022 anka ƙara da shaidar lambar korona.

Lokacin korona kowace ƙasa ta bi hanyarta. Faransa ta tilasta wa ma'aikatan asibiti a Satumba 2021. Najeriya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacin gwamnatin tarayya ba ya shiga wurin aiki sai da shaidar lamba ko ta awo. Ostiriya ta yi dokar tilasta wa duk baligi a Fabrairu 2022. Gardama ta yi yawa, ta soke dokar cikin shekarar.

Masu son tilas suna cewa: annoba kamar gobara ce cikin bukkokin kara. Wanda ya ƙi kashe tasa, ta maƙwabci yake ƙonawa. Jariri da tsoho da marar lafiya, lambar sauran jama'a ce garkuwarsu. Masu ƙin tilas suna cewa: jikin mutum amanarsa ce. In an matsa masa, sai ya ɓoye ɗiyansa cikin rumbu, ko ya sayi takardar ƙarya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Abin da ya dace shi ne tilas ta zo a ƙarshe. Kafin ta, sai lambar ta kai kowane ƙauye, kyauta. Sai an yi bayani da harshen mutane. Sai an ɗauke wa wanda likita ya ce jikinsa ba ya ɗauka. In annoba ta wuce, tilas ɗin ma ta wuce.

Aikinku, ku da kunka iya karatu

Karatunku ya ɗora maku nauyi, don yanzu ku ake kawo wa takarda da salula a duba. Ku riƙe abu huɗu.

1. Saƙon da ba a san mai shi ba, kada ku tura. Ku tambayi malamin asibiti tukuna.
2. Lamba a gidan likita ake yin ta, ko hannun ma'aikatan lafiya masu kewaya ƙauyuka. Kada ku saye ta a kasuwa.
3. Ku buɗe karnen yaronku ku karanta. Ana lamba ran haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, da wata 9, akwai kuma ta bayan shekara guda. Ranar komawa tana rubuce ciki.
4. Maƙwabcin da ya ƙi, kada ku zage shi. Ku ji dalilinsa, ku raka shi wurin mai amsa.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku a aji: Wace jita-jita kunka taɓa ji bisa lamba a garinku? Wa ya kawo ta? Wa kunka tambaya? Ku rubuta amsa da hannunku, layi uku ko huɗu.

Allah shi tsare mu da annoba, shi raya mamu zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.