Ɗamarar Kujera da Jakar Iska: Wacce Ta Fi Tsare Rai a Mota?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado ta nufi Gwarzo ya san yadda gonaki da gidaje suka matso har bakin kwalta. Akuya kan gilma, yaro kan tsallaka, amalanke kan fito ba zato, sai direba ya taka birki da ƙarfi. Manufar wannan maƙala ita ce a kwatanta abubuwa biyu da aka ƙera domin irin wannan lokaci, wato ɗamarar kujera, wadda direbobi ke kira bel, da kuma jakar iska, a ga wacce ta fi cancanta a dogara da ita.

Abin da Ke Faruwa Lokacin Karo

Idan mota tana gudun kilomita 80 a awa ta daki wani abu ta tsaya cak, jikin wanda ke ciki ba ya tsayawa tare da ita. Yakan ci gaba da wannan gudu har sai ya gamu da sitiyari ko gilashin gaba. Ƙarfin wannan buguwa daidai yake da na mutumin da ya faɗo daga tsayin mita 25, kamar a ce daga ƙololuwar rimi. Aikin ɗamara da jaka duka shi ne su sassauta wannan tsayawa.

Ɗamarar Kujera

Irin ɗamarar da aka sani a yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, shi ya fito da ita a 1959. Takan riƙe mutum ta ƙasusuwan da suka fi ƙwari, ta kuma hana a cilla shi waje. Tana aiki ko karo ta gaba ne, ko ta gefe, ko mota ta wuntsila sau uku. A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura ta a watan Janairu na 2003.

Jakar Iska

Ita kuwa jaka tana naɗe ne cikin sitiyari da gaban fasinja. Da na'ura ta ji karo mai tsanani sai wani sinadari ya kama, ya cika ta da iska kafin ƙiftawar ido, sa'an nan ta sace nan take. Saboda haka sau ɗaya tak take aiki; idan mota ta sake dukan wani abu, ba sauran kariya. Daɗin daɗawa, jakar gaba ba ta da wani tasiri idan mota ta kife. Tana kuma fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa, don haka wanda bai yi ɗamara ba, jikinsa ya riga ya zamo gaba, sai ta tarye shi da duka maimakon tallafi. Shi ya sa ake hana zaunar da ƙananan yara a kujerar gaba.

Kwatanci

Ƙididdigar hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta nuna ɗamara kaɗai tana rage haɗarin mutuwar mazauna gaba da wajen kashi 45 cikin 100. Jaka ita kaɗai ba ta kai kashi 15 ba. In aka haɗa su kuwa sai a sami wajen kashi 50. Ashe ke nan jaka mataimakiya ce, ɗamara ita ce uwar tafiya.

A wannan yanki akwai ƙarin dalili. Yawancin motocin haya 'yan Kwatano ne, sun tsufa kafin su iso. Wata jakarta ta riga ta fashe a wani haɗari, aka liƙe murfin aka sayar, mai saye bai sani ba. Ko wadda ba ta fashe ba, shekaru da zafi da laima kan ɓata sinadarin wasu irinsu, kamar yadda ya faru ga jakunkunan kamfanin Takata na Japan, waɗanda suka sa aka janye miliyoyin motoci har kamfanin ya durƙushe a 2017. Lafiyar ɗamara kuwa ido na gani, hannu na gwadawa.

Kammalawa

Abin takaici, sau da yawa akan cusa mutum biyu a kujerar gaba mai ɗamara ɗaya, direba kuma ya rataya tasa a kafaɗa in ya hango jami'ai, ya yar da ita da zarar ya wuce. Wani ma yakan ɗaure ta ta bayan kujera don ƙararrawa ta yi shiru. Mai yin haka kansa ya yaudara, domin haɗari ba ya sallama, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fasinja ba shi da iko a kan jakar da ba ya gani, amma ɗamara tana gefen kafaɗarsa tun daga tasha.