Ɗora Kaya a Saman Mota da Kan Kantar Baya

Duk lokacin da Salla ko Kirsimeti suka gabato, akan ga ƙananan motoci a hanyar Kaduna zuwa Kano, ko ta Lakwaja zuwa Abuja, sun yi gammo da kaya niƙi-niƙi. Masu su kan ce in dai igiya ta kama, shi ke nan. Igiya kuwa ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya.

Kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka yarda a ɗora a samanta, an kuwa rubuta shi cikin littafin da ke zuwa tare da ita. Ga yawancin ƙananan motoci, iyakar tana tsakanin kilo 50 da kilo 100, har da nauyin kariyar kanta, watau ƙarfen da ake ɗaure kayan a kai. Ke nan buhun masara guda mai kilo 100 ya riga ya wuce ƙa'ida. Jarka uku ta ruwa, masu lita 25, sun kai kilo 75.

Lotsewar rufi ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ita ce, idan nauyi ya koma sama, mota takan rinjaya gefe guda wajen shan kwana. Ranar da direba ya karkatar da sitiyari farat ɗaya don kauce wa rami ko saniya, sai kayan su ja motar ta kife. Birki ma yakan yi jinkirin tsai da ita, iska kuma ta riƙa turinta, musamman in babbar mota ta gifta. Saboda haka buhuna da duk wani abu mai nauyi wurinsu but ne, a ƙasa, a jingine da bayan kujera. Saman mota na katifa ne da tabarmi da irinsu. A shimfiɗa su kwance, a ɗaure gaba da baya da gefe da igiya mai ƙwari, ban da tsohuwar robar taya, domin takan miƙe ta saki. Bayan ɗan tafiya kaɗan, wajibi ne direba ya tsaya ya sake jan igiyar, don kaya sukan zauna ɗaurin ya yi sako-sako. Katifar da ta ƙwace a kan hanya, mai babur ɗin da ke biye ita ce ajalinsa.

Akwai kuma kantar nan da ke bayan kujerar baya, ƙarƙashin gilashi, wadda jama'a suka raina haɗarinta. Nan ake aza kwanon abinci, da kwalba, da tocila, wani lokaci har jak. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta yi karo ta tsaya cak, abin da ke kan kantar ba ya tsayawa tare da ita. Zai taho gaba da ƙarfin abin da ya faɗo daga tsawon mita 10, daidai ƙeyar fasinja. In gudun ya kai kilomita 100, ƙarfin ya ninka sau huɗu. Hula da riga da mayafi kaɗai suka dace da wurin, su ma kada a tula su har su tare wa direba madubi. Yaro kuwa, kome kukansa, kada a kwantar da shi a can.

Idan an sauke kaya, a kwance kariyar a ajiye. Ko babu kome a kanta tana tare iska, motar ta ƙara shan mai.